Ciwon dajin ƙwaƙwalwa: idan kan 'yan gida ya rabu a kan magani

Gardamar takan fara ne ranar da sakamakon gwajin tsoka ya fito. Wasu su ce asibiti, wasu su ce ganye da tsarin abinci, mara lafiya kuwa yana kwance yana jin su.

A fara sanin nau'in ƙarin, don ba duka suke ɗaya ba. In glioblastoma ne, wato nau'i mai saurin girma, ba ya jiran a gama musu. Tsarin da ake bi tun 2005 shi ne tiyata a cire abin da zai ciru, sai gashin na'ura (radiotherapy) sau 30 cikin mako shida tare da ƙwayar maganin daji ta temozolomide kullum, sannan zagaye shida na ƙwayar, kwana biyar cikin kowane 28. Maganar gaskiya, wannan ba ya warkarwa, lokaci yake ƙarawa. Nan ne masu son ganye ke samun bakin magana.

Ɓarnar a ɓoye ake yin ta. Wani ya riƙa ɗura masa jiƙo likita bai sani ba, wata ta janye dexamethasone, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, don ta ga fuskarsa ta kumbura. Janye shi farat ɗaya na iya dawo da kumburin ƙwaƙwalwa, ga ciwon kai, ga amai. Maganin farfaɗiya ma, in yana shan sa, ba a yanke shi haka. Maganin ganye na ginkgo da ƙwayar tafarnuwa suna iya ƙara zubar jini, shi ya sa ake dakatar da su mako biyu kafin tiyata.

Duk abin da ake ba shi, a ɗauki kwalbar a ajiye gaban likita. Tun yana cikin hayyacinsa kuma a ji ta bakinsa, ya zaɓi mutum ɗaya da zai yi magana a madadinsa, domin ƙarin na iya taɓa harshe da tunani.