Gardamar nukiliya daga shagon mai haɗa sola

Ina da ɗan ƙaramin kamfani a Kano, aikinmu haɗa wa mutane wutar sola a gidaje da shaguna da masallatai da ƙananan asibitoci, har da famfon rijiyar burtsatse. Ni ke auna aiki in tsara shi, yarana kuma su hau rufi, su kafa ƙarfe, su ja waya. Saboda wannan sana'ar, duk sanda aka tayar da zancen gina tashar nukiliya a Najeriya sai 'yan majalisarmu su juyo kaina: "Injiniya, ko dai kasuwarku za a kashe?" Amsata daga aikin da nake yi kullum take fitowa.

Aikin sola da lissafi yake farawa. Idan Alhaji ya kira ni, tambayata ta farko ita ce me zai kunna, kuma da rana ne ko da dare. Fanka da ƙwan fitila da talabijin ba su da ci sosai. Masu cinye wuta su ne dutsen guga, hita, firiza, na'urar sanyaya ɗaki, da famfon ruwa, wanda lokacin tashinsa yake jan ninkin abin da aka rubuta a jikinsa. Sau da yawa maigida zai ce, "Ai 'yan fankoki ne kawai da fitilu," alhali Hajiya tana sana'ar ƙanƙara a bayan gida. Shi ya sa nake neman izini in zaga ɗaki-ɗaki kafin in faɗi kuɗi.

Farantan sola muna fuskantar da su kudu, a ɗan karkace, mu bar rata a ƙarƙashinsu don iska ta ratsa. Mutane da yawa suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne ke bayarwa, zafi ma rage ƙarfin faranti yake yi, shi ya sa tsakar ranar Afrilu ba ta ba da abin da ake tsammani. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar faɗa: in ba a wanke su da sassafe kafin su ɗauki zafi, wuta sai ta ja baya. Iskar farkon damina ita ke tona asirin wanda ya yi ha'inci wajen ɗaure ƙarfe.

Amma inda kuɗi suke tafiya, inda kuma rigima da kwastoma take tasowa, batir ne. Rana tana ba mu awa biyar zuwa shida na cikakken ƙarfi, duk wutar da za a sha bayan magariba daga batir za ta fito. Mai ruwa, wanda muke kira tubula, yana da sauƙin kuɗi, sai dai in ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare ba ya wuce 'yan shekaru. Na litiyam ya fi daɗewa, kuɗinsa kuma ba kowa ke iya ɗauka lokaci guda ba. Kusan duk kayan daga waje suke zuwa, galibi daga China, don haka in dala ta motsa, takardar farashin da na rubuta makon jiya ta zama tarihi.

Kasuwarmu ta buɗe sosai bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da janareta ya gagari tela da mai aski da mai cajin waya. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta awoyi masu yawa, naira 225 kowane yunit. Sai kuma Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala. A waɗannan kwanaki tashoshin samar da wuta suna nan suna aiki, hanyar kawo ta ce ta yanke. Wannan na riƙe shi sosai in ana gardama.

Masu goyon bayan nukiliya suna da hujja mai ƙarfi, kuma ina faɗin haka duk da cewa sola nake sayarwa. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suna buƙatar wuta mai nauyi dare da rana, kuma batirin da zai riƙe injin saƙa ko na narka roba har asuba ba ƙaramin jari ba ne. Suna kawo misalin Faransa, wadda kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya ne, da Masar da ke gina injina huɗu masu megawat 4,800 a El Dabaa da bashin dala biliyan 25 daga Rasha. Suna tuna mana cewa tun 1976 aka yi dokar kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, tun 2004 kuma akwai ƙaramin injin bincike mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 2017 an sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina. Masu adawa su kuma suna ambaton haɗarin tashoshin nukiliya na Chernobyl da ke Ukraine a 1986 da Fukushima da ke Japan a 2011, da Jamus da ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe a Afrilun 2023, da matsalar ajiye shara mai guba a ƙasar da ake sace wayar lantarki a kan turaku.

Ni abin da ya fi damuna na lissafi ne, irin wanda nake yi a gidan kwastoma. Wutar da ke yawo a layin ƙasa baki ɗaya tana tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku. Injin nukiliya guda irin na Masar megawat 1,200 ne, wajen rubu'in wutar ƙasar ke nan a wuri ɗaya, alhali masana suna son kada inji guda ya wuce kashi 10 cikin 100. Ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan: ranar da injin ya tsaya, layin duka zai iya faɗuwa. Kuma ko an kashe shi, yana buƙatar wuta daga waje don famfunan sanyaya shi su ci gaba da aiki. Rashin wannan wutar ne ya jawo bala'in Fukushima. Don haka duk wanda ke son nukiliya da gaske, layin dakon wuta ya kamata ya fara yi wa yaƙi. Maƙwabtanmu na Nijar ma tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, amma da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 na cikin abin da ya rage wa Yamai raɗaɗi.

Ɓangarenmu ma ba shi da bakin yin alfahari a manyan ayyuka. A 2016 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin sola 14 kan megawat 1,125, abin ya tsaya a takarda. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal, ta ci fiye da shekara goma. Zancen madatsar Mambila kuwa tun muna yara muke jin sa. Waɗanda suka tashi su ne matsakaita da ke kusa da masu amfani da su, irin na Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, da na Kumbotso mai megawat 10 a 2023.

Akwai kuma dattin da ke cikin sana'armu wanda 'yan siyasar da ke yabon sola ba sa ambata. Kasuwa cike take da farantan da aka liƙa musu takardar ƙarfin da ba su da shi, da tsofaffin batura da aka yi wa fenti. Mataccen batir mai ruwa kuma dalma ce da asid a ciki, kuma ina ganin yara 'yan gwangwan suna fasa shi da hannu ba safa, suna zubar da ruwan a kwata. A shagona ina karɓar tsohon in rage wa mutum kuɗin sabo, don kada ya ƙare a bola. Da aka yi ta maganar hana shigo da farantan sola a 2025, na so a ce wannan ƙarfin an sa shi wajen gwada ingancin abin da ke shigowa, tunda masana'antun gida ba su kai su wadatar da mu ba tukuna. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwarsu, kuma da jiha za ta sa ido kan jabun kaya, ta ba matasa horo da takardar shaida, ta sama wa manoma bashi mai sauƙi, da mun ga canji cikin shekara biyu.

Aikin da ya fi yi mini daɗi yanzu shi ne na masu noman rani a wajen Kura da Kadawa. Ba batir a cikinsa ko ɗaya. Farantai ne da kwantirola mai daidaita wuta da famfo: rana na fitowa ruwa ya fara zuba a gona ko a tanki, rana na faɗuwa ya tsaya. Manomin da a da yake sayen jarkar fetur kowace safiya kafin ya shayar da tumatir da albasa, yanzu aikinsa goge ƙura da gadin kayan daga ɓarayi. In wani ya haɗa ya ga amfani, kafin ƙarshen rani maƙwabcin gonarsa ya kira ni in zo in auna zurfin rijiyarsa.