Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hayaniyar da kunne ba ya ji

Makon jiya mun tsaya a bakin firjin ɗakin gwajinmu da ke wajen Jidda. Yau sai abin da ke cikinsa.

Kubit ɗinmu, wato ƙwayar lissafi ta kwamfutar kwantum, ɗan zanen alminiyam ne a kan silikon, bai kai ƙwayar gero ba. Ba ya aiki sai an sanyaya shi zuwa kusan milikelbin 10, wato dab da ƙarshen sanyin da zai yiwu, da cakuɗen hiliyam-3 da hiliyam-4, kuma saukar sanyin kaɗai na cin kwana biyu. Shi ya sa ba a buɗe firji a kan zato. Sai an auna.

Awon farko shi ne T1, wato tsawon lokacin da kubit ke ɗauka kafin ƙarfin da aka ba shi ya zube. A tayar da kubit da bugun maikrowef na wajen gigahaz 5, a ɗan jira, a duba ko ya koma ƙasa, a maimaita sau dubbai da jira daban-daban. Na biyu T2, wato tsawon lokacin da yake riƙe takunsa kafin ya rikice. T2 ba ya taɓa wuce ninki biyu na T1. Idan ya gaza haka da nisa, akwai mai taɓa shi daga waje, abin da muke kira hayaniya.

A nan dabarar da Erwin Hahn ya fito da ita a 1950 ke shigowa: a tsakiyar jiran, a juya kubit da bugu guda. Hayaniya mai tafiyar hawainiya takan warware abin da ta ƙulla a rabin farko. In T2 ya miƙe bayan haka, ɓarawon a hankali yake tafiya, kuma wanda ake fara tuhuma shi ne wutar gini.

Ni da na taso da wutar Najeriya mai haz 50, a nan na dinga lalube. Wani dattijon ma'aikacinmu, Bahaushe haifaffen Makka, ya leƙo allon ya ce, "Ɗana, wutar ƙasar nan 60 take bugawa." Na ce, "Baba, ai kuwa." Ga ta nan tsaye a 60, da 'ya'yanta a 120 da 180. Famfon firji da na'urorin awo kowanne da tasa hanyar sauke wuta ƙasa, sai suka haɗa zobe mai shigo da hayaniyar. Aka raba su da robar tsakani, aka bar hanya ɗaya tak.

Zafin ɗaki ma ta waya yake gangarawa. Ana rage ƙarfin siginar da desibel 60 gaba ɗaya, amma kashi-kashi: 20 a matakin firji mai sanyin kelbin 4, sauran a matakan ƙasa da suka fi sanyi. Wanda ya jibge su duka a ƙasa zai ɗumama wurin da yake son sanyayawa. Noti kuwa, kowanne sai an goga masa maganaɗisu kafin ya kusanci kubit, don ƙarfe mai maganaɗisu na rikita shi. Ya manne, a ajiye shi, a ɗauko na tagulla.

Mai ban haushin ita ce wadda ke cikin kubit ɗin kansa. Ƙananan lahani a tsatsar alminiyam sukan sha ƙarfinsa, ka ga T1 da safe lafiya lau, bayan la'asar ya zube, ba wanda ya taɓa komai. Awo ɗaya ba shaida ba ne, sai a bar na'ura ta kwana tana aunawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai haskokin da ke saukowa daga sararin samaniya su buge kubit da yawa lokaci guda.