Darussa daga gwajin ko dabba na bin kiɗa

Duk wanda ya daɗe yana auna ko dabba na iya bin bugun kiɗa ya san kayan aiki sun fi dabbar ba da kunya. Kuskuren da ya fi cinye aikin watanni shi ne rashin auna jinkirin sauti. Akwai tazara tsakanin lokacin da kwamfuta ta rubuta cewa bugu ya fita da lokacin da ya isa kunnen dabba. Lasifikar Bluetooth kan jinkirta shi fiye da milisakan 100 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Kyamara mai ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa ma tana barin milisakan 33 tsakanin hoto da hoto.

A cikin wannan 'yar tazarar duk maganar take. Idan mutum yana tafi da kiɗa, hannunsa kan ɗan riga bugun, domin ƙwaƙwalwarsa hasashensa take yi. Biran da aka horar a ɗakin gwajin Hugo Merchant a Meziko kuwa, a gwaje-gwajen farko galibi sai sun ji bugun suke taɓa maɓalli. To idan ba a cire jinkirin lasifika daga lissafi ba, dabbar da ke hasashe sai ta bayyana kamar mai amsawa kawai, duk sakamakon ya tashi a banza. Maganin ba wuya: a sa makirufo kusa da kan dabbar, a naɗi sauti da motsi a na'ura ɗaya, a tafa hannu gaban kyamara a farko da ƙarshen kowane zama don daidaita su. Shugaban da ya ce wannan ɓata lokaci ne, ranar da masu tantance bincike kafin a wallafa shi suka dawo da aikin, ƙaramin ma'aikaci zai ɗora wa laifi. A rubuta umarninsa a ajiye.

Kada dabba ta ga mai horar da ita yana kaɗa kai. Tun 1907 Oskar Pfungst ya nuna cewa dokin nan Hans, da ake cewa ya iya lissafi, jikin mai tambaya yake karantawa.

A sauya saurin kiɗa. Aniruddh Patel ya gwada akun nan Snowball a sauri 11 daban-daban, jefi-jefi ne ma yake dacewa da bugun. Kada kuma a kafe kan hasashen cewa masu kwaikwayon murya kaɗai ke bin kiɗa: a 2013 an nuna Ronan, zakin teku a Kalifoniya, wadda ba a san irinta da kwaikwayon murya ba, tana bin bugu da kaɗa kai.