Zaurukan hotuna marasa suna: me suke ɓoyewa, me suke tonawa?

Yawancin matasan Sakkwato, har ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ba sa rabuwa da waya, ba su taɓa buɗe 4chan ba, wato shafin intanet da ake hira da ɗora hotuna ba tare da suna ba, amma sun sha ganin kayansa. Hotunan barkwanci da yawa da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp can aka fara ƙera su, haka ma wasu ƙarairayin siyasar Amurka da ake turo mana a matsayin labari. Ƙaryar QAnon ma, mai cewa wasu manya na ƙulla wa Trump maƙarƙashiya a ɓoye, a zauren siyasa na 4chan ta ɓulla a Oktoban 2017.

Asalin tsarin daga Japan yake. Hiroyuki Nishimura ya buɗe 2channel a 1999, na rubutu zalla, sai wani shafin mai suna Futaba ya biyo baya a 2001 da hotuna. Christopher Poole, yana ɗan shekara 15 a Amurka, ya kwaikwayi Futaba ya kafa 4chan a Oktoban 2003, kuma a 2015 ya sayar wa Nishimura ɗin.

Ba rajista, ba sunan asusu, ba mabiya. Shafin ya kasu zaure-zaure: na wasanni, na girki, na kwamfuta, na siyasa. Mai son buɗe hira dole ya ɗora hoto, masu amsawa kuma ko da hoto ko babu. Duk sabuwar amsa tana cilla hirar zuwa saman zauren, wadda aka daina tankawa kuma tana gangarawa har ta faɗi ƙasa ta ɓace. Ko hira ta yi farin jini akwai iyakar amsoshi, ɗari uku a zauruka da dama, daga nan ta daina hawa. Wani bincike na 2011 a kan zauren /b/, inda ake hira a kan komai, ya nuna cewa rabin hirarraki ba sa kai minti huɗu a raye, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na rubuce-rubucen ba suna a jikinsu. Wannan ne ya sa halin wurin ya zama haka. Tunda ba wanda zai tuna da kai gobe, kuma minti kaɗan gare ka a lura da kai, sai kowa ya riƙa neman abin da ya fi tayar da hankali. Kasuwar dare ce ba fitila, mai ihu shi ake ji.

To, inda mutane ke yaudarar kansu shi ne zaton cewa rashin suna yana nufin ba a san su ba. Sauran masu hira ne kawai ba su san ka ba. Masu shafin suna riƙe da lambar IP ɗinka, wato adireshin da wayarka ke shiga intanet da shi, kuma suna miƙa ta in kotu ta nema. A 2010 Poole da kansa ya ba da shaida a shari'ar ɗalibin da ya kutsa imel ɗin 'yar siyasar Amurka Sarah Palin ya baje a 4chan. A nan gida kuwa, tun Disamban 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN, ka ga kenan tsakanin datarka da sunanka na gaskiya taku kaɗan ne. A wasu zauruka ma tutar Najeriya za ta fito kusa da rubutunka. VPN, manhajar ɓoye IP, ba ya cika cetowa, don 4chan na toshe Tor (wata hanyar ɓoye IP ɗin) da yawancin VPN da aka sani. Wani abin haushi: layukan waya kan raba IP ɗaya ga mutane da yawa, sai ka tarar an haramta maka rubutu a kan laifin wani da ba ka taɓa gani ba.

Hoton kansa ya fi komai tona asiri, kuma ta hanya uku. Ta farko bayanan EXIF da kyamara ke cusawa cikin fayil: samfurin waya, rana da lokaci, har da wurin GPS in ka bar shi a kunne. Ka shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri, a iPhone kuma akwai zaɓin cire wuri lokacin turawa. Kada ka dogara da cewa shafin zai goge maka. Ta biyu sunan fayil, wanda 4chan ke nunawa yadda yake. Suna irin IMG-20240312-WA0007 ya riga ya faɗa cewa hoton ya bi ta WhatsApp ranar 12 ga Maris 2024, don haka a sake masa suna. Ta uku ita ce mai wuya: abin da ke bayan hoton. A Maris 2017 'yan 4chan suka gano inda wani ɗan wasan fim na Amurka ya kafa tuta a jihar Tenesi, alhali kyamara ba ta nuna komai sai tutar da sararin sama. Da layin hayaƙin jiragen sama da taurari suka taƙaita yankin, sannan wani ya zaga da mota yana hon har aka ji ƙarar a bidiyon. Masu wannan naci, hasumiyar Masallacin Shehu ko shataletalen Gawon Nama ko allon wani shago a Mabera ai kyauta ka ba su. Lambar mota ma haruffanta uku na farko ƙaramar hukuma suke nunawa.

Ɓacewar hira kuma ba gogewa ba ce. Akwai shafukan ajiya irin su 4plebs da ke kwafe zauruka kai tsaye, su bar su a buɗe ga mai bincike shekara da shekaru. A Afrilun 2025 an kutsa 4chan kansa, ya rufe kwanaki, bayanan masu kula da shi suka fita waje.

A ganina zaurukan fasaha da na girki suna da amfani ga mai karatu kawai, in zai iya jure zagi da wariyar launin fata, don baƙar fata da Musulmi ba sa shan daɗi a can. Na siyasa kam guba ne. A 8chan, wani shafi irin 4chan da aka kafa a 2013, maharin birnin Christchurch na New Zealand ya sanar da aniyarsa kafin ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a Maris 2019.

Abin da ya fi shafar gidajenmu shi ne hotunan 'yan mata na kamu da walima da ake kwashewa daga Instagram a watsa ba da izini ba. In haka ta faru, kada a shiga hirar a yi roƙo ko zagi, domin kowace amsa sake ɗaga ta sama take yi, kuma ta nuna musu cewa abin ya yi ciwo. A ɗauki hoton fuskar waya mai nuna adireshin shafin da lambar rubutun da lokaci, a danna maɓallin kai ƙara, a bincika hoton da Google Lens ko TinEye a ga ina da ina ya kai. Google na da fom na cire hotunan tsiraici da aka ɗora ba da yarda ba daga sakamakon bincike. In akwai barazana ko neman kuɗi, dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci, kuma rundunar 'yan sanda na da cibiyar laifukan intanet a Abuja. Kada a biya mai barazanar ko sisi, kuma kada a goge saƙonninsa kafin a kai ƙara.