Abin da muke bar wa sikirif, da abin da sai ido

Aikin shagonmu haɗa hoto ne. Darakta zai ɗauki jarumi a gaban koren kyalle cikin wani ɗaki a nan Kano, mu kuma mu tsayar da shi a bakin kogi ko a soron fada, yadda mai kallo ba zai ga ɗinkin ba. Wani lokacin wayar lantarki ce ta fito a saman mahayin doki a fim ɗin da aka ce labarin zamanin da ne, sai mun goge ta. Masu shiri mai dogon zango da ake ɗorawa a YouTube duk mako su suka fi kawo mana aiki, kuma gaggawarsu ce ta sa na koyi rubuta sikirif, wato ɗan jerin umarnin da ake bai wa manhaja ta yi abin da hannu zai gaji da maimaitawa.

Manhajar haɗa hoto ta After Effects na koya a gaban wani edita da ya girme ni nesa ba kusa ba, mutum marar yawan magana. Wata rana ya ba ni hoton fitilar aci-balbal ya ce in sa haskenta ya riƙa rawa a jikin bango. Kwana biyu na yi ina ɗaga hasken ina sauke shi da hannu, firem bayan firem, wato hoto ɗaya-ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. Da na gama ya jawo kujera, ya danne Alt, ya taɓa ɗan agogon da ke gefen leyar, wato fallen hoton da hasken yake kai, ya rubuta umarnin wiggle da lambobi biyu: ta farko sau nawa hasken zai motsa a daƙiƙa, ta biyu iya nisan motsin. Nan take bango ya fara kyarma. Na ce, "Maigida, ashe da wannan hanyar?" Ya ce, "Da ban bar ka ka yi da hannu ba, da ba ka san lambar da za ka sa ba." Gaskiya ya faɗa, domin lambar da ta dace da wutar aci-balbal ba ita ta dace da wutar murhu ba, kuma ido ne ke rarrabe su.

Sikirif na farko da na rubuta da kaina na sunayen da ke fitowa a ƙasan allo ne. Duk mako akwai 'yan wasa da masu talla kusan arba'in, kowa da sunansa da lambar shagonsa, kuma harafi ɗaya ya kuskure sai waya ta fara ƙara. After Effects na karɓar wani nau'in yaren kwamfuta na JavaScript da ake kira ExtendScript, don haka na sa shi ya karanta sunayen daga fayil ɗaya, ya kwafi kwamf ɗin asali, wato shafin da aka jera leyoyin a ciki, ya sauya rubutun, ya jera su a layin renda, inda ake fitar da kammalallen bidiyo. Dare guda cur wani ƙaramin abu ya cinye mini: idan kana ƙirga leyoyin kwamf, daga 1 ake farawa, amma jerin leyoyin da ka zaɓa daga 0 yake farawa. Duk yaron da ya zo koyo wurina, wannan nake fara rubuta masa a takarda ya manna a jikin allonsa. Na biyu, ya rufe aikinsa tsakanin umarnin beginUndoGroup da na endUndoGroup, don idan ya ɓata, Ctrl da Z sau ɗaya su mayar da komai. Na uku, kada ya taɓa gwaji a kan aikin mutane. Ya yi kwafi, ya gwada a kan leya uku kafin ɗari uku.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne furodusan da zai ga haka ya gyara zama ya ce, "Haba Malam, ai kwamfuta ce take yi, maɓalli ɗaya fa ka danna." Daga nan sai ciniki kamar ana taya tumatir a 'Yankaba. Ranka ya daɗe, sikirif zai sa wa fayil dubu suna, amma ba zai cire kore daga mayafi ba. Ɗauki mayafi mai shara-shara wanda koren kyallen ke leƙowa ta cikinsa. Idan ka matsa wa Keylight, abin cire kore na After Effects, don koren ya tafi, sai bakin mayafin ya cinye kamar ɓera ya gaigaye shi. Idan ka sassauta, sai jaruma ta riƙa yawo da koren zobe a kanta. Sai ka raba jikin kashi-kashi, fuska daban, mayafi daban, hannu daban, kowanne da nasa awon, abin da ya ƙi kuma ka bi shi da yankan hannu. Farar babbar riga ita ma tana shan koren ta ɗaurayo shi a kafaɗa. Daƙiƙa ɗaya firem 25 ce, minti ɗaya 1,500. Bayan haka akwai inuwa, dole ta faɗi ɓangaren da rana ta ce, kuma in bayan hoton na lokacin hunturu ne, baƙin abin da ke nesa sai ya yi fari-fari saboda hazo. Sa'o'in da sikirif ya rage mini, nan nake zuba su.

Su kuwa masu sauko da wuta da hayaƙi na kyauta daga intanet su manna a kan kowane hoto, su karɓi rubu'in kuɗinmu, su ne suka ɓata farashin. Aljani zai ɓace amma inuwarsa na nan a ƙasa. Idan masu kallo suka fara surutu, wurinmu ake kawo gyara, kuma mai shi ya nemi ragi saboda ya riga ya biya wani.

Daga baya na shiga Nuke, manhajar da aka fara ƙerawa a kamfanin Digital Domain na Amurka a 1993, wadda yanzu take hannun Foundry na Landan. Ita da nod take aiki, wato 'yan akwatunan da ake jona wa juna, kowanne da aikinsa, kuma yaren Python take ji. Abin da ya fara burge ni, ka kwafi nod ka liƙa a Notepad sai ka ga rubutu ne zalla, kowane awo da sunansa, kuma wannan sunan za ka kira a sikirif. Faifan ajiyar da harafinsa D ne a kwamfutar furodusa yakan koma E a tawa, duk nod ɗin Read, masu ɗauko hoto daga faifan, su yi ja don sun rasa hanyarsa. Layi huɗu na Python sun isa su zaga su duka su gyara hanyar. Lasisinta da tsada, shi ya sa yaran shago nake fara su da Fusion, sashen haɗa hoto da ke cikin manhajar DaVinci Resolve, wadda akwai ta kyauta kuma tana karɓar Lua da Python.

Editocin da ke da aikin da suke maimaitawa duk mako suna iya zuwa mu zauna, su nuna mini yadda suke yi da hannu, in rubuta musu nasu daidai da tsarin foldojinsu. Mai son koyo kuma ƙofa a buɗe take. Yarinyar da ta fara da mu bayan sallah, kafin ta taɓa madannai na sa ta rubuta matakan aikin da Hausa a littafi: buɗe wannan, duba sunan, in ya ƙare da lamba ƙara ɗaya. Jiya ta mayar da su Python, sikirif ɗinta ya ɗaga lambar bugun renda daga 003 zuwa 004 bai taɓa tsohon ba. Gobe zan ba ta mayafin.