Asabar: Gidan Makama da maganar siminti

Yaran Yaya Habu ne suka matsa sai an kai su Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, kafin su koma Abuja. Ga mai son zuwa, yana daura da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, kuma gara a je da hantsi kafin rana ta take. Ummi ta maƙale a ɗakin amarya tana ƙirga kwanuka, Abba kuma hotunan zuwan Turawa na 1903 da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari ne suka tafi da shi.

Muna fitowa daga wani soro Yaya ya dafa bango ya ce, "Wai me ya hana a shafe ginin nan da siminti a huta da yaɓen kowace shekara?" Na ce, "Yaya, ai siminti shi ne ajalin ginin ƙasa." Ya yi dariya, wayarsa ta yi ƙara, magana ta bi ruwa. Ita ce ta hana ni sakat har yanzu.

Bangon nan na tubali ne. Birji, wato ƙasar gini, ake jiƙawa, a tattake shi da ciyawa, a bar shi kwanaki ya ruɓa, sannan a mulmula da hannu, gindi faɗi kai tsini, a shanya a rana. Wajen jerawa tsinin ne ke kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya taso da kauri yana sirancewa. Irin wannan bango yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa da kyau. Zafin rana da sanyin dare su tsattsaga shi, ruwa ya kurɗa ta tsagar, ya rasa mafita. Daga waje fes, ciki taɓo. Ƙwanƙwasa da yatsa za ka ji holoƙo. Sai wata rana a tsakiyar Agusta ya ɓanɓaro ya faɗo, ya tafi da rabin bangon.

Magina suna da abinsu tun tuni. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, a jiƙa a haɗa da ƙasar yaɓe, ruwa ya riƙa zamewa. Rufi da rawanin gini kuma laso ne: katsin da ake kwasowa daga ramin marina irin na Ƙofar Mata, da gashin jima daga majema, da ruwan tsiron dafara mai yauƙi. Yana tsare ruwa, amma bai toshe bango ba.

Ɗaga kai a cikin soron ka ga azara a jere. Giginya ce aka tsattsaga, gara ba ta cika damunta ba, sai dai da ta wuce wajen ƙafa shida ba abin tallafi sai ta fara lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasa. Shi ya sa babban ɗaki yake buƙatar bakan gizo: a ɗora azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. Kuma duk wannan ƙwarewa indararo ɗaya da ya toshe da ganye ya isa ya rusa ta. Ruwa ya kwanta a kan rufi, bakin azara ya ruɓe a cikin bango inda ido ba ya gani.

Gidan tun ƙarni na 15 yake, Muhammadu Rumfa ya zauna ciki yana Makama kafin ya hau sarautar Kano a 1463. Ba yaɓen zamaninsa muke shafawa ba, an sha sabuntawa, kuma nan ne raina ya ɗan ɓaci. Maginan da na sani da suka iya haɗa laso duk sun manyanta, 'ya'yansu bulo suke bugawa, kuma ban ga laifinsu ba, can kuɗin yake. Giginya ma sai ta shekara aru-aru kafin ta yi azarar kirki, ga shi sara ya fi dashe yawa.

Cunkoso a hanyar dawowa. Fura mai kyau, nono ya ɗan yi tsami. Wuta ba ta dawo ba. Gobe ɗaurin auren gidan Baffa, ban ma karɓo ɗinkina ba.