Faranti ya cika, uwa ta tafi

Aikin da aka fara ba ni a ɗakin bincike shi ne wanke ɓargo daga ƙashin cinyar ɓera. Ƙashin bai fi tsinken ashana kauri ba. Ka yanke bakinsa biyu, ka zura allura, ka tura ruwa, sai ɓargon ya sulalo ja kamar zare. A cikinsa iyayen ƙwayoyin jini suke, waɗanda duk jinin ɓeran ke fitowa daga gare su, kuma ba su fi ɗaya cikin ƙwayoyin ɓargo 10,000 ba.

An ce in rene su a faranti da sinadaran haɓaka guda biyu, SCF da TPO. Ni kuwa na ɗauki sinadaran nan kamar taki, in ka ƙara gona ta ƙara kyau, sai na ninka awon SCF. Bayan kwana goma faranti ya cika maƙil, na kira malamata ina washe baki. Ta leƙa madubin, ta ɗago. "Ka tara 'ya'ya da jikoki," in ji ta, "uwar fa?"

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ido ba ya gane uwar ƙwaya. Sai an dasa ta a jikin ɓeran da aka ƙone wa ɓargo da haske mai ƙarfi, a jira mako 16, a ga ko tana ci gaba da ba da kowane irin jini. Hanyar ta samo asali daga aikin masu bincike Till da McCulloch a Toronto a 1961, da suka ƙirga ƙulle-ƙullen da dasassun ƙwayoyi ke yi a kan saifa. Ƙwayoyin da na rena aka dasa, suka ba da jini na 'yan makonni, suka ɓace.

Sai daga baya na gane cewa a cikin ɓargo aikin TPO har da kwantar da uwar ta yi barci, kuma mafi nagarta cikinsu na iya shafe watanni ba su rabu biyu ba. SCF kuwa in ya yi yawa, c-Kit, wato kafar da ƙwayar ke jin saƙon da ita, sai ta shige ciki. Binciken Wilkinson da Yamazaki na 2019 da awo kaɗan na SCF da TPO mai yawa ya yi nasara, har iyayen suka ninka sau ɗaruruwa cikin wata guda. Wani abin dariya, sinadarin da suka sa a madadin furotin na jini, PVA, shi ake sa wa a gam ɗin makaranta.

Ɓeraye iri biyu ne suka ƙarasa gyara mini tunani, W da Steel, dukansu masu ƙarancin jini. In aka dasa wa W lafiyayyen ɓargo yakan warke, domin laifin na ƙwayoyinsa ne. Steel ba ya warkewa: ƙwayoyinsa lafiya lau, mazauninsu a cikin ɓargo ne ba ya samar da SCF yadda ya kamata. Tun daga nan, in reno ya lalace mini, ruwan da kwalbar sinadarin nake fara dubawa, har da ranar da aka narkar da ita, kafin in ɗora wa ƙwayoyin laifi.